Betty Greene, Matuƙiyar Jirgin Mishan Cikin Hazon Hunturu

Mu mutanen Karaye da Rogo mun san yadda hunturu yake. Daga Nuwamba zuwa Maris iska takan kwaso ƙura daga kwarin Bodele a ƙasar Cadi, har mutum ya kasa hango rimin da ke bakin gari. To, in haka yake a ƙasa, yaya wanda yake sama cikin ɗan ƙaramin jirgi? Yau za mu tuna da wata baiwar Allah wadda ta yi aiki a sararin ƙasarmu.

An haifi Betty Greene a birnin Seattle na Amurka a 1920. Tun tana budurwa ta koyi tuƙin jirgi, a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu kuma ta shiga cikin matan da suka tuƙa jiragen soja. Wajen ƙarshen yaƙin, ita da waɗansu matuƙa Kirista suka kafa ƙungiyar da ake kira MAF, domin kai ma'aikatan bishara da marasa lafiya wuraren da mota ba ta zuwa. Ita ce ta yi wa ƙungiyar tafiyar farko, ran 23 ga Fabrairu 1946, zuwa ƙasar Meksiko. A 1951 ta zo Nijeriya ta yi wa mishan ta SIM tuƙi kimanin shekara biyu.

Haɗarin hazo shi ne yakan ɓoye inda sama ta haɗu da ƙasa. Da zarar wannan ya ɓace, jikin matuƙi yakan ruɗe shi, ya ji kamar yana tafiya daidai, alhali jirgin ya karkata yana gangarowa. Saboda haka ake horar da matuƙi ya gaskata na'urorin da ke gabansa fiye da abin da jikinsa yake gaya masa. A zamanin Betty babu na'urar tauraron ɗan Adam. Da kamfas da agogo da taswira ake neman hanya, ana duban ƙasa kai tsaye a bi kogi ko layin dogo, irin wanda ya haɗa Zariya da Kano. Akan ɗauki mai fiye da bukata, in kuwa hazo ya yi kauri, sai a juya ko a kwana, kome gaggawar saƙon.

Da irin wannan horo ta yi shekara 16 tana tuƙi, har Sudan da tsibirin Niyu Gini, kafin ta koma aikin ofis a 1962. Ta rasu ran 10 ga Afrilu 1997.

'Yan'uwa, mu ma muna kan hanyar Gwarzo da Kano cikin hazo, da mota da babur, ɗauke da iyalanmu. Bari mu rage gudu, mu kunna fitila, mu kuma yarda mu dakata in ido ya kasa. Ubangiji ya kiyaye fitarmu da shigarmu. Amin.