Tarihin Dimitiri Mandaliyef, ɗan ƴar kasuwar da ya jera sinadaran duniya

Yau za mu leƙa ƙasar Rasha, mu ɗauko labarin wani malamin kimiyya mai suna Dimitiri Mandaliyef. Kada ƴan kasuwa su ce ina ruwansu da shi. Kanwa da gishirin da ke kan tirenku, da takin zamanin da manoman Safo ke saye kowace damina, duk suna cikin aikin da ya yi suna da shi.

An haife shi a shekarar 1834 a yankin Tobolsk da ke Saiberiya, ƙasar tsananin sanyi. Shi ne auta a gida mai ƴaƴa fiye da goma. Mahaifinsa Iban shugaban makaranta ne, amma a shekarar da aka haifi yaron ya makance, aiki ya kuɓuce masa. Sai nauyin gidan ya dawo kan uwa, Mariya, wadda dama ƴar gidan fatake ce. Ta karɓi ragamar wata masana'antar gilashi ta danginta, ta riƙa gudanar da ita tana ci da iyali. Mijin ya rasu a 1847. Shekara ɗaya bayan haka gobara ta cinye masana'antar ƙurmus.

Wata da ta zauna zaman makoki, ba kuma wanda zai zarge ta. Ita kuwa a 1849 ta tattara abin da ya rage, ta ɗauki autan nata a keken doki suka nufi Mosko, tafiyar da ta kai zuwa Yamai daga Maradi sau uku. Jami'ar Mosko ta ƙi karɓarsa, don makarantar da ya fito ba ta cikin yankinta. Ba ta juya gida ba, ta wuce da shi birnin San Fitasbag, inda a 1850 ya samu shiga makarantar horon malaman da mahaifinsa ya yi. A cikin wannan shekara Mariya ta rasu, ba ta ga komai daga abin da ta shuka ba.

Ya gama karatu a 1855, ya yi koyarwa, ya je Jamus ƙaro ilimi, a 1867 ya zama shehun malami a jami'ar San Fitasbag. Da ya zauna rubuta wa ɗalibansa littafi sai ya ci karo da matsala. A lokacin an san sinadarai 63, wato tushen abubuwan da ba a iya rarraba su zuwa wani abu dabam, irin su ƙarfe, zinariya, azurfa, dalma da farar wuta. Amma an san su ne barkatai, kamar kasuwar da ba ta da layi, mai hatsi kusa da mai tukwane, mai nama tsakiyar ƴan atamfa.

A shekarar 1869 ya jera su bisa nauyin ƙwayar zarrar kowane, daga mafi sauƙi zuwa mafi nauyi. Nan ya ga halayensu na dawowa kamar yadda ranar kasuwa ke zagayowa. A jerin wancan lokaci, idan aka fara ƙirga daga sodiyom mai nauyi 23, na takwas shi ne fotasiyom mai nauyi 39, kuma halinsu kusan ɗaya. Sai ya sa masu hali guda a layi guda, kamar ƴan gida ɗaya.

Iyayenmu mata sun san wannan zumunci tun ba su san sunansa ba. Kanwa sodiyom ne a cikinta, tokar kara kuwa fotasiyom. Shi ya sa in kanwa ta yanke, ruwan toka ke maye gurbinta a miya ko wajen dafa wake. Haka kulorin da ke cikin gishiri da ayodin da ake ƙara wa gishirin don maganin maƙoƙo, layinsu ɗaya. A kan ayodin ɗin ma Mandaliyef ya nuna taurin kai. Bisa nauyi ya kamata ya zo kafin wani sinadari mai suna teluriyom, amma ya ƙi, ya ajiye shi cikin dangin kulorin saboda halinsa ya fi kama da nasu. Wurin da ya ba shi nan yake har yau.

Wani Bajamushe, Lota Maya, shi ma ya yi irin wannan jeri a kusan lokaci guda, har aka haɗa su a lambar yabo ɗaya a Ingila a 1882. Abin da ya bambanta Mandaliyef, a ganina, shi ne ƙarfin hali. Inda jerin bai cika ba sai ya bar gurbi, kamar rumfar da aka kafa mai ita bai iso ba. A 1871 ya bayyana nauyi da halayen sinadarai uku da ba wanda ya taɓa gani. Masana da dama suka ɗauki abin a matsayin cika baki. A 1875 wani Bafaranshe ya gano na farko, galiyom, ya auna nauyinsa idan aka gwada da na ruwa ya samu ninki 4.7. Mandaliyef, wanda bai taɓa riƙe ƙarfen a hannu ba, ya aika cewa a sake awo, domin lissafinsa ya ba shi kusan 5.9. Aka tace ƙarfen aka sake aunawa, aka samu 5.9. Na biyu ya bayyana a Suwidin a 1879, na uku a Jamus a 1886.

Akwai wanda ya shafe mu kai tsaye. A zamaninsa ana ɗaukar nauyin uraniyom 120 ne. Ya ga ba shi da mazauni a nan, sai ya ninka shi zuwa 240, ya kai shi can ƙarshen jeri. Awon yau ya nuna 238. Wannan shi ne ƙarfen da aka fara haƙowa a Arlit a 1971. Ba duk hasashensa ne ya tabbata ba, akwai sinadaran da ya yi tsammani waɗanda babu su sam.

Mutum ne da bai tsaya a aji kawai ba. Ya yi bincike kan man fetur na Baku, ya gwada takin zamani a gonarsa, ya zagaya ƙauyuka yana duba masu yin cuku. A 1890 ya kai wa ministan ilimi koken ɗalibai, ministan ya ƙi karɓa, shi kuma ya ajiye aikin jami'a.

A 1893 aka ba shi shugabancin hukumar awo da ma'auni ta ƙasar Rasha. Duk wadda ta taɓa sayen gero da tiyar da aka bubbuge wa gindi ta san girman wannan aiki. Shi ya tsara dokar ma'auni ta 1899, wadda ta ba da izinin amfani da kilo da mita tare da ma'aunan gargajiya, aka kuma buɗe ofisoshi a manyan birane don duba sikelin ƴan kasuwa. Ya ɗauki mata aiki a hukumar, a zamanin da ba kasafai ake yin haka ba.

Ya rasu a San Fitasbag a watan Fabrairun 1907, bai samu kyautar Nobel ba duk da an gabatar da sunansa. A 1955 masana a Amurka suka ƙirƙiro sinadari na 101 suka raɗa masa sunansa. Jadawalin da ya fara da 63 yanzu yana ɗauke da sinadarai 118, kuma haruffan NPK da ke jikin buhun taki sunayen uku daga cikinsu ne.