Francisco Pizarro: Ya kwashe zinariyar Inka, rikicin rabo ya ci ransa

An haifi Francisco Pizarro a garin Trujillo na ƙasar Sifaniya a cikin shekarun 1470. Mahaifinsa soja ne da bai auri mahaifiyarsa ba, kuma yaron ya girma bai iya karatu da rubutu ba. Yana saurayi ya tsallaka teku zuwa nahiyar Amurka neman arziki. A 1513 yana cikin ayarin Balboa da ya ratsa Panama har ya iske tekun Pasifik.

A Panama ya ji labarin wata daula mai tarin zinariya can kudu, wato daular Inka a ƙasar Peru ta yau. Ya haɗa gwiwa da Diego de Almagro, suka yi tafiya biyu cikin yunwa da asarar mutane. A 1529 fadar Sifaniya ta naɗa Pizarro gwamnan ƙasar da zai ci, ta bar Almagro da ƙaramin muƙami. Daga nan zumunci ya fara tsami.

Ranar 16 ga Nuwamba, 1532, Pizarro da mutum 168 suka yi wa sarki Atahualpa kwanton ɓauna a Cajamarca, lokacin da bai daɗe da gama yaƙin gadon sarauta da ɗan'uwansa Huascar ba. Dawakai da takubban ƙarfe da bindigogi suka firgita jama'arsa, aka kama shi. Don ya fanshi kansa, sarkin ya yi alkawarin cika ɗaki guda da zinariya, a kuma cika shi sau biyu da azurfa. Aka kawo dukiyar, zinariya kaɗai kimanin tan 6. Sifaniyawa suka narka ta, suka ware kashi ɗaya cikin biyar na sarkinsu, sannan suka kashe Atahualpa a Yulin 1533.

Mutanen Almagro sun iso a makare, rabonsu bai taka kara ya karya ba. Takaddama kan mallakar birnin Cuzco ta zama yaƙi, ɗan'uwan Pizarro ya sa aka kashe Almagro a 1538. Ranar 26 ga Yuni, 1541, magoya bayan ɗan Almagro suka kutsa gidan Pizarro a Lima, birnin da ya kafa a 1535, suka sassare shi. Ƙasusuwansa na ajiye a babbar majami'ar birnin har yau.