Nana Asma'u 'Yar Shehu: Tarihinta da Haƙƙin da Mata Ke Bin Mu

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin talikai, wanda Ya halicci namiji da mace daga rai guda, Ya kuma ɗora wa kowannensu nauyin saninSa da bauta maSa. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa, da waɗanda suka bi su da kyautatawa har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku 'yan'uwa samari na Talata Mafara da Bakura da Maradun da kewaye, wannan ɗan littafi tarihin wata baiwar Allah ne, watau Nana Asma'u ɗiyar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, Allah Ya jiƙansu da rahama. Mun zaɓi tarihinta domin yau an cika maganar 'yancin mata a rediyo da wayoyin hannu. Wasu samari da sun ji an ambaci haƙƙin mace sai su toshe kunne su ce ai zancen Turawa ne, wasu kuma su haɗiye duk abin da aka miƙo musu ba tare da awo ba. Dukkansu rashin sanin tarihin gida ne ya kai su ga haka.

Halin da mata su ke ciki kafin zuwanta

Zaluntar mace tsohon ciwo ne a duniya. Larabawan jahiliyya sun kasance suna binne ɗiya mace da ranta, suna kuma gadon matar uba kamar yadda a ke gadon raƙumi, har Alƙur'ani ya sauka ya haramta wannan, ya yanka wa mace rabonta na gado a cikin Suratun Nisa'i, ya kuma mallaka mata sadakinta.

To amma a ƙasar Hausa ta zamanin sarakunan Gobir, ko da ya ke ana kiran salla, hukuncin nan ya tsaya a cikin littattafai. Mutum ya mutu, babban ɗa ko ɗan'uwa ya haɗe dukiya ya bar mata da marayu hannu rabbana. Masu mulki su kan ɗauki matar da suka ga dama. Mafi muni kuma, malamai da kansu sun bar matansu da 'ya'yansu cikin duhu, ba su san hukuncin tsarki ba balle na salla, alhali kuwa malamin yana zaune a zaure safe da yamma yana biya wa almajiran wasu garuruwa karatu. Shehu ya yi tir da wannan a cikin littafinsa Nurul Albabi. Ya kwatanta yadda su ke riƙon mace da yadda a ke riƙon kayan aikin gida, a mora har ya fashe sa'an nan a watsa shi juji. Ya kuma gargaɗi mata kada su ruɗu da masu yi musu wa'azin bin miji kaɗai su ɓoye musu bin Allah da ManzonSa.

Ku lura 'yan'uwa, a ƙasarku aka fara wannan gardama. Shehu ya yi kamar shekara biyar yana zagayen wa'azi a Zamfara tun daga wajen 1786, ya kuma zauna a Faru ta ƙasar Maradun. A cikin wannan zagaye ne wani malami, Mustafa Gwani, ya soki Shehu saboda mata na halartar majalisinsa. Shehu ya umurci ƙanensa Abdullahi ya ba da amsa. Abdullahi ya nuna cewa su ma ba su yarda da cakuɗa maza da mata ba, amma barin mata cikin jahilcin addininsu ya fi fitowarsu neman sani hatsari. Labarin nan yana cikin littafin Abdullahi mai suna Tazyinul Waraƙati.

Haihuwarta da tasowarta

An haifi Nana Asma'u a Ɗegel cikin shekarar 1793. Tagwaye ne ita da ɗan'uwanta Hassan, sunan mahaifiyarsu Maimuna. Gidan da ta buɗe ido a cikinsa gida ne da karatun mace ba baƙon abu ba ne, domin mahaifiyar Shehu Hauwa'u da kakarsa Ruƙayya duk masu ilmi ne. Nan ta yi karatun Alƙur'ani, ta shiga fiƙihu da tauhidi da Larabci, har ta kai tana rubutu da harshe uku, Larabci da Fillanci da Hausa.

Ƙuruciyarta ba ta jin daɗi ba ce. Sarkin Gobir Nafata ya hana maza naɗa rawani, ya hana mata yafa mayafi. A zamanin ɗansa Yunfa aka faɗa wa mutanen Gimbana aka kamo su bayi, maza da mata. Cikin watan Fabrairu 1804 jama'a ta yi hijira daga Ɗegel zuwa Gudu, Nana tana da kamar shekara 11. Ta ga nasarar Tabkin Kwatto, ta kuma ga baƙin cikin Tsuntsuwa inda mahaddata Alƙur'ani masu yawa suka yi shahada. Yunwa da ciwo suka addabi jama'a, har a 1805 suka gangaro Zamfara suka sauka Sabon Gari, daga nan suka wuce Gwandu. Yarinyar da ta yi wannan tafiya da ƙafarta ta san abin da yaƙi ke yi wa mace, ba labari aka ba ta ba.

An aurar da ita ga Giɗaɗo ɗan Laima, aminin yayanta Muhammadu Bello, wanda daga baya ya zama Wazirin Sakkwato. To ga darasi na farko gare ku, masu shirin aure da sababbin angwaye. Giɗaɗo malami ne kuma mai mulki, amma bai ga ƙasƙanci ba a ce matarsa na rubuta littafi malamai na karantawa. Aure bai rufe allonta ba. Da Shehu ya rasu a Sakkwato cikin 1817, tana cikin waɗanda suka tsaya wajen tattara rubuce-rubucensa da tsare su. Ta haifi 'ya'ya, ta riƙe gidan waziri mai yawan baƙi, duk da haka ba ta ajiye alƙalami ba.

Rubuce-rubucenta

Abin da ya iso gare mu na ayyukanta ya kai wajen 60. A 1820 ta rubuta Tanbihul Gafilina da Larabci. Ta tsara sunayen surorin Alƙur'ani a waƙe domin sauƙin hadda ga wadda ba ta iya karatu ba tukuna. A 1831 ta mayar da waƙar mahaifinta ta gargaɗi ga masu mulki da alƙalai zuwa Hausa, ita ce Tabbat Haƙiƙa da har yanzu a ke rerawa. Ta tsara tarihin hijira da jihadi da Fillanci, ƙanenta Isa ya mayar da shi Hausa, shi ne Waƙar Gewaye. Ta yi wa Bello marsiyya da ya rasu a Wurno cikin 1837. Abin sha'awa, ba manya kaɗai ta yi wa marsiyya ba, har da mata talakawa, maƙwabciya da malamar ƙauye, tana yabon haƙurinsu da sada zumuncinsu da sasanta mutane da su ke yi. Da ba ta rubuta ba, da ba wanda zai san sun taɓa rayuwa.

Me ya sa ta koma ga Hausa alhali ta iya Larabci? Domin ta san waɗanda ta ke nufi. Bayan faɗuwar Alkalawa a 1808 da yaƙe-yaƙen da suka biyo baya, gidaje sun cika da zawarawa da marayu da matan da aka kamo a yaƙi. Yawancinsu Hausa kaɗai su ke ji, kuma in ciwo ko baƙin ciki ya same su ba su san wata mafaka ba sai bori. Nana ta gane cewa zagi da tsawa ba su raba mutum da abin da ya gada, sai an ba shi abin da ya fi shi.

'Yan Taru

Daga ƙarshen shekarun 1830 ta kafa tsarin da a ke kira 'Yan Taru. Daga ƙauyuka ta kan zaɓi dattijuwa mai hankali da amana ta naɗa ta jaji, ta ba ta malfa da jan rawani domin kowa ya san matsayinta a hanya. Jaji ta kan jagoranci ayarin tsofaffin mata da 'yan mata ƙanana su taho Sakkwato da ƙafa, su zauna gaban Nana su ɗauki karatu su hardace waƙoƙin, sa'an nan su koma gida su shiga ɗaki ɗaki suna koya wa matan aure da ba su iya fita. Abin da su ke koyarwa shi ne kaɗaita Allah, tsarki, salla, azumi, tarihin Annabi, gaskiya cikin ciniki, da barin bori da tsafi. Ɗan abin da ayari ya riƙo na hatsi ko man shanu ko zuma, ta kan rabar da shi ga mabuƙata. Su kuma jajis su kan kula da marasa lafiya, su yi wa mata wankan gawa, su sasanta rigima.

Ku dubi hikimar nan. Ba ta jira an gina makaranta ba, ba ta kuma karya wata iyaka ta shari'a ba, amma ilmi ya shiga har ƙuryar ɗaki. Sunanta ya kai nesa, har wani malami ɗan Shinƙiɗi da ya ratsa Sakkwato ya yi musayar baitoci da ita. Mijinta ya rasu a 1851, ita kuma ta rasu a 1864, aka rufe ta kusa da mahaifinta a Sakkwato. Ƙanwarta Maryam ta ci gaba da aikin 'Yan Taru. Waziri Junaidu, wanda ya rasu a 1997, daga zuriyarta ya ke, kuma daga taskarsa aka sami da yawa cikin takardunta da Jean Boyd da Beverly Mack suka tattara suka buga a 1997.

Gwagwarmayar matan Turai da tamu

Yanzu mu waiwayi abin da Turawa ke kira feminizim, watau fafutukar ƙwato haƙƙin mata. Ba banza ta taso ba, zalunci ne ya haife ta. A Ingila, mace in ta yi aure dukiyarta ta kan koma hannun miji, sai dokokin 1870 da 1882 suka gyara wannan. A 1792, shekara guda kafin haihuwar Nana, wata Baturiya Mary Wollstonecraft ta buga littafi tana neman a ilmantar da mata. A 1848 matan Amurka suka yi babban taronsu na farko a Seneca Falls, lokacin kuwa jajis sun riga sun fara zirga-zirga a ƙasar Sakkwato. Jami'ar Okisfod ba ta fara ba mata digiri ba sai 1920, shekarar da matan Amurka suka sami ikon jefa ƙuri'a. Matan Faransa sai 1944.

Kada wannan ya sa mu yi alfahari, domin mu ma muna da namu. Matan Arewa ba su jefa ƙuri'a ba sai 1976, bayan irin su Hajiya Gambo Sawaba sun sha ɗauri a kan haka. A 1985 mata Musulmi suka kafa ƙungiyar FOMWAN, suna neman haƙƙinsu daga cikin addininsu. Musulmi ba ya karɓar duk abin da aka kira 'yanci, ma'auninsa Alƙur'ani da Sunna. Abin da ya saɓa musu a bar shi ko wa ya kawo. Amma kukan macen da aka cinye wa gado, ko aka hana ta karatu, ko aka ɗaura mata aure da wanda ba ta so, kuka ne da shari'a ta riga kowa saurara. Wanda ya danne wannan haƙƙi ya ce yana tsare addini, to bid'ar al'ada ya ke tsarewa. Kuma in bango bai tsage ba ƙadangare ba ya samun wurin shiga. Duk sa'ad da muka hana mace abin da Allah Ya ba ta, mu ne muka tura ta neman adalci a wata ƙofa.

Abin da ya rage gare ku

Ranar 26 ga Fabrairu 2021 'yan bindiga suka shiga makarantar 'yan mata ta Jangebe a ƙasar Talata Mafara cikin dare suka kwashe ɗalibai, aka sako 279 ranar 2 ga Maris. Fitinar daji ta bar zawarawa da marayu a garuruwan Maradun da Bakura da Mafara, irin waɗanda Nana ta tarar a zamaninta. Tsoro gaskiya ne, kuma tsare rai wajibi ne. Sai dai Nana ta yi karatu cikin hijira da yunwa, ta kuma koyar a ƙasar da yaƙi bai ƙare ba. In hanyar makaranta ta toshe, sai a nemi wata hanyar, ba a rufe littafi ba.

Saboda haka ya kai ɗan'uwa, ka tambayi kanka. Matarka ko ƙanwarka ta san hukuncin haila da wankan tsarki, ko kuwa kai kaɗai ke zuwa wajen karatu ka bar ta da tukunya? In ba ka iya koya mata ba, ka bar ta ta tafi Islamiyya, ka saya mata littafi. Gonar da mahaifinku ya bari, ko ta tudu ce ko ta fadamar Bakolori, an fitar wa 'yan'uwanka mata rabonsu da tumunin mahaifiyarku, ko kuwa kana nomawa kana cewa ai mace gidan wani za ta? Sadakin ƙanwarka ya shiga hannunta? An nemi yardarta kafin a ɗaura? In zama ya ƙi, ka san saki na sunna da haƙƙin idda da ciyar da 'ya'ya, ko kuwa takarda za ka jefa mata cikin fushi da tsakar dare? Kowace ɗaya daga cikin waɗannan za a tambaye ka ita a ranar da dangi da dukiya ba su amfani.

Allah Ya jiƙan Nana Asma'u da mahaifinta da malamanmu baki ɗaya. Allah Ya kawo mana zaman lafiya a Zamfara da sauran ƙasashen Musulmi, Ya tsare mana iyayenmu mata da matanmu da 'ya'yanmu, Ya nuna mana gaskiya Ya ba mu ikon bin ta, Ya nuna mana ƙarya Ya ba mu ikon guje mata, amin.

Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.