Henry Laurens, Mai Gonar Shinkafa ta Mepkin

An haifi Henry Laurens a birnin Charleston, cikin ƙasar Karolina ta Kudu, a shekara ta 1724, tun Amurka tana ƙarƙashin Sarkin Ingila. Kakanninsa masu bi ne waɗanda suka gudo daga Faransa saboda tsanani. Da mun so a ce jikan waɗanda aka tsananta wa ya tashi da tausayi, amma ku ji yadda ya zama.

Fatauci ya koya, ya zama babban dillalin bayi. Jiragen ruwa suna kawo masa mutane daga tsibirin Bunce na Saliyo, shi kuwa yana sayar da su, har dubbai suka bi ta hannunsa. Masu gonaki suna rububin mutanen wannan gaɓa, gama sun iya noman shinkafa tun daga gida. A 1762 ya sayi gonar Mepkin a bakin kogin Cooper daga wurin iyalin Colleton. A irin gonakin nan bayi ne suke sare kurmin fadama, su ɗaga ganuwar laka, su kafa ƙofofin katako inda ruwan kogi yake shiga ya fita. Yini suke yi cikin ruwa, ga sauro, ga zazzaɓi, masu mutuwa kuwa da yawa.

Laurens mai zuwa sujada ne, mai karatun Littafi Mai Tsarki. A 1776 ya rubuta wa ɗansa John cewa yana ƙyamar bauta. Ɗan ya ɗauki maganar da gaske, ya nemi a ɗauki bayi soja su sami 'yanci, aka ƙi masa, aka kashe shi a bakin dāga a 1782. Uban kuwa ya shugabanci majalisar masu neman 'yancin Amurka daga 1777 zuwa 1778. Ingilishi suka kama shi a teku a 1780, ya yi wajen wata 15 a tsare cikin Hasumiyar Landan. Ya ɗanɗana ɗauri ke nan da kansa. Duk da haka, sa'ad da ake shirya sulhu a Faris a 1782, shi ne ya sa aka ƙara sharaɗin da ya hana Ingilishi tafiya da bayin Amurkawa. A 1790 bayinsa sun kusa 300.

Ya mutu a Mepkin a 1792. Ya bar wasiyya a ƙone gawarsa, domin an taɓa zaton 'yarsa ta mutu tana jaririya, sai ta farfaɗo, tsoron a binne shi da rai ya kama shi.

Gonar ta fita daga hannun zuriyarsa, noman shinkafa kuma ya mutu a yankin. A 1936 Henry Luce, mai mujallar Time, ɗan wani ɗan mishan, haifaffen ƙasar Sin, ya saye ta, a 1949 kuma aka ba 'yan zuhudu na Katolika babban sashenta. Tokar Laurens tana binne a wurin.