Al-Biruni: Masanin da ya rubuta wa ɗaliba littafin ilimin falaki

An haifi Abu Raihan Muhammad bin Ahmad Al-Biruni a shekarar 973 miladiyya a Kath, cikin ƙasar Khwarizm, yankin da yau yake cikin Uzbekistan. Ya yi karatu a wurin Abu Nasr Mansur, ɗan sarauta kuma masanin lissafi, wanda ya ɗora shi a kan nazarin sararin samaniya tun yana yaro. Yana ɗan shekara 17 ya auna tsayin rana a sama, ya gano nisan garinsu daga layin da ya raba duniya biyu.

A shekarar 997, shi da Abul Wafa na Bagadaza suka sa ido kan husufin wata guda, kowa daga garinsu. Bambancin lokacin da suka gan shi ya nuna musu tazarar garuruwan biyu daga gabas zuwa yamma.

Da Sarki Mahmud ya ci Khwarizm da yaƙi a 1017, sai ya tafi da shi Ghazna, a Afganistan ta yau. Daga can ya shiga Indiya, ya koyi harshen Sanskrit, kuma a Nandana ya yi amfani da tsayin dutse wajen ƙiyasta girman duniya.

Duk da wannan zurfin ilimi, bai raina mai farawa ba. A 1029 ya wallafa Kitabut Tafhim domin wata matashiya 'yar Khwarizm mai suna Raihana bint Al-Hasan. Ya tsara shi tambaya da amsa, sama da 500, tamkar malami da ɗaliba zaune a kan tabarma. Bai kai ta ga taurari ba sai da ya koya mata ɗigo da layi da da'ira, sannan lissafi. Bayan haka ya bayyana mata tafiyar rana da wata, dalilin husufi, kalandun al'ummomi, da yadda ake aiki da usturlabi, na'urar auna tsayin taurari da sanin lokaci. Duba da taurari kuwa ya bar shi a ƙarshe, bai kuma ɓoye shakkunsa a kansa ba.

Al-Biruni ya rasu a Ghazna wajajen shekarar 1050. A yau akwai wani rami a doron wata da aka raɗa wa sunansa.