Likita Dalziel, Ɗan Mishan Da Ya Rubuta Sunayen Itatuwanmu

Duk wanda ya taɓa hawan duwatsun Kazaure ko na Roni ya san irin ƙasar da hano ke so. Itacen nan ne mai farin jiki, wanda ɓawonsa ke saɓulewa kamar takarda, ana kuma turare da ƙaronsa. A littattafan masana sunansa Boswellia dalzielii, an raɗa masa sunan wani likita ne, John McEwen Dalziel. Mutanen Sikotlan, ƙasar iyayensa, Diyel suke faɗin sunan.

An haife shi a Nagpur ta ƙasar Indiya a 1872. Ya yi karatun likita a Jami'ar Edinburgh, ya gama a 1895, daga nan ya tafi kudancin ƙasar Sin a matsayin likitan mishan, ya yi wajen shekara bakwai yana jinyar marasa lafiya cikin sunan Ubangiji. A 1905 ya shiga aikin likita na gwamnati a Afirka ta Yamma, aka turo shi Arewa. Ya tara tsirrai a ƙasashen Katagum, Sakkwato da Yola.

Abin da ya bambanta shi da yawancin Turawan zamaninsa shi ne sauraro. Bai raina mai saiwa da sassaƙe ba. Yakan tambayi sunan itace da Hausa da abin da ake yi da shi, ya rubuta, sa'an nan ya busar da ganye da fure ya aika lambun binciken tsirrai na Kew a Landan domin a tantance ko wane itace ne. Da haka ya fitar da ƙamus na sunayen tsirrai da Hausa a 1916. Bayan ya bar aikin gwamnati ya koma Kew, shi da John Hutchinson suka tsara babban littafin tsirran Afirka ta Yamma daga 1927 zuwa 1936. A 1937 ya ƙara da wani a kan amfanin kowane tsiro, har da na magani.

A nan ne maganar ta shafe mu. A ikilisiyoyinmu akwai masu ganin kowane sassaƙe tsafi ne, akwai kuma masu shan duk abin da aka jiƙa musu ba tambaya. Mu dai muna ganin duka biyun sun kauce. Annabi Ishaya ma da curin ɓaure ya sa aka yi wa Sarki Hezekiya maganin maruru. Dalziel kuwa ya rubuta abin da aka gaya masa a matsayin abin da ya kamata a gwada.

Gwajin ne ake yi yanzu. Masana a jami'o'inmu, irin su Ahmadu Bello ta Zariya da Bayero ta Kano, suna tatso sinadarai daga itatuwa kamar hano, marke, sabara da maɗaci, su gwada su a kan ƙwayoyin zazzaɓin cizon sauro, sammore da tsutsar ciki, wani lokaci har da ƙwayoyin ciwon daji. Amma abin da ya kashe ƙwayar cuta a cikin kwalba bai zama magani ba tukuna, sai an san adadin da jikin mutum zai iya ɗauka. Wanda ya ji ƙulluto a jikinsa ya hanzarta zuwa asibiti, kada ya ɓata watanni da jiƙo.

Dalziel ya rasu a Landan a 1948. Wani masanin Kew, H. M. Burkill, ya sake faɗaɗa littafinsa na 1937, ya zama juzu'i shida, aka buga su daga 1985 zuwa 2004.