Jimmy Doolittle: Matuƙin da ya saukar da jirgi ba tare da ganin ƙasa ba

A safiyar 24 ga Satumban 1929, hazo ya lulluɓe filin jirgin sama na Mitchel da ke kusa da birnin New York a Amurka. A ranar ce wani hafsan soja mai shekara 32, James Harold Doolittle, ya shiga ƙaramin jirgi ƙirar Consolidated NY-2, aka rufe mazauninsa da ƙyalle mai kauri ta yadda ba ya ganin komai a waje. Ya tashi, ya yi kimanin minti 15 yana shawagi, ya sauka lafiya. Laftanar Benjamin Kelsey na zaune a gaba cikin shirin ko-ta-kwana, amma bai sa hannu ba.

An haifi Doolittle ranar 14 ga Disamban 1896 a Alameda ta jihar Kalifoniya, ya yi ƙuruciyarsa a Nome ta Alaska. Ya koyi tuƙi a soja lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, sannan a 1925 ya samu digirin digirgir kan injiniyancin jiragen sama a jami'ar MIT.

A wancan zamani matuƙa na taƙama da abin da jikinsu ke gaya musu. Sai dai idan ido ya kasa hango inda sama ta haɗu da ƙasa, sashen cikin kunne da ke daidaita tsayuwar mutum yakan yaudare shi: jirgi na karkata, matuƙi na jin a miƙe yake. Doolittle kansa ya ɗanɗana, domin a watan Maris na 1929 hazo ya tilasta masa faɗo da jirgi cikin dare a jihar New Jersey.

Da kuɗin Asusun Daniel Guggenheim, ya yi aiki da kamfanin Sperry wajen samar da na'urar da ke nuna karkatar jirgi da wadda ke nuna alƙibla. Paul Kollsman ya ƙera ma'aunin tsayi mai inganci, siginar rediyo kuma ta riƙa jagorantar jirgin zuwa fili. Darasin ya fito fili: idan gani ya ƙare, matuƙi ya amince da na'ura, ya ƙaryata jikinsa.

Duniya ta fi tuna shi da harin da ya jagoranta kan Japan ranar 18 ga Afrilun 1942 da jirage 16, wanda ya janyo masa lambar yabo mafi girma ta sojan Amurka. Ya rasu ranar 27 ga Satumban 1993 yana da shekara 96.

Har yau hazon hunturu kan hana jirage sauka a Kano da Maiduguri. An san maganin tun 1929. Abin da ya rage wa hukumomi shi ne sayen na'urorin saukar jirage, kula da su, da horar da matuƙa.